In Kun Haɗu da Lawali a Fili

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga Abba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaishe da masu horar da ku, da abokan wasanka da ban san fuskokinsu ba. Ina fata takardar nan ta same ka da lafiyar jiki da ta ƙafa. Mu nan Babura lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Allah ya ɗaga jirginku lafiya, ya sauke ku lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin baƙunta.

Malamin wasanninku na Kazaure ne zai miƙa maka wannan takarda a sansaninku na Kano, tare da wani gwangwani da na ɗaure da roba. Kada ka taɓa gwangwanin sai ka kai ƙarshen karatu.

Ba labarin gida zan ba ka ba, ƙannenka sun fi ni iya wannan. Magana ce ke cikina da na kasa faɗa maka baki da baki. Kai ɗan fari ne, sunan mahaifina kuma kake ɗauke da shi, don haka tun kana zanin goyo ban taɓa zama na yi doguwar hira da kai ba. Ranar da ka zo rumfata yi mini sallama, ka ga yadda na duƙufa ina buga wa keken wani iska, na ce maka Allah ya kiyaye ban ko ɗaga kai ba. To ka sani, hankalina ba ya kan tayar nan. Sai da mai keken ya riƙe mini hannu ya ce, "Malam Idi, fasa mini ita za ka yi?" A takarda kunya ba ta da inda za ta kama ni, shi ya sa na zauna na rubuta.

Na ji daɗi, Abba. Na ji daɗin da ban san inda zan ajiye shi ba. A ce cikin duk yaran ƙasar nan an zaɓi ɗan mai facin keke ya tsaya a baya ya tsare gidan Nijeriya, a taron wasannin da ƙasashen yankinmu za su haɗu, masu gudu da masu dambe da masu tsalle duk suna nan. Tun da kuɗin mai suka shigo kowa ya koma hawa mashin, aikin keke ya ja baya, amma makon nan rumfata ba ta rabuwa da mutane. Wasu ma kekunan nasu lafiyarsu ƙalau, zuwa kawai suke su ce mini barka.

Ka san ni ma na buga ƙwallo, kuma a baya nake tsayawa kamar kai. Abin da ba ka sani ba shi ne yawan wautar da na tafka a cikinta. Bari in fara da ƙananan.

A zamaninmu da ƙafa tsirara muke wasa. Tafin ƙafata ya yi kaurin da ko ƙaya tana jin nauyin shiga. Wata rana za mu je Gwiwa wasa, sai wani ma'aikacin gona da na gyara wa keke ya ara mini takalmin ƙwallo, na farko da na taɓa riƙewa. Na ɓoye shi a ƙarƙashin gado, na ƙi sawa ko sau ɗaya, wai kada ya tsufa kafin mutanen Gwiwa su gan shi. Ranar wasa na zura shi ina taku ɗai-ɗai kamar ango. Kafin a tafi hutu duga-dugaina sun saluɓe, ƙwallo kuwa duk inda na aika ta sai ta nufi wani wuri dabam. Na cire shi na rataya a wuya, na ƙarasa wasan ina ɗingishi, yaran garin na bina da waƙa. Na ji an ce za a raba muku sababbin kaya kafin ku tashi. Ka sa takalminka tun yau, ka yi atisaye da shi, ka je sallah ka dawo da shi, har ya san ƙafarka. Kada ka fara sanin halin wani abu a ranar da kake bukatarsa.

Ta biyu a Roni ce, bayan an gama girbi. Mun isa da hantsi, wasanmu sai la'asar, sai muka tarar ana kokawa a bakin kasuwa. Na tsaya kallo kawai. Makaɗin ya hango ƙirjina, ya tambayi wani sunana, sai na ji ana kiran Idi na Babura a cikin ganga. Ban san lokacin da na tuɓe riga ba. Wani gajere da na raina ya ɗaga ni ya nuna wa duwatsun Roni tafin ƙafata, ya maka ni da ƙasa. Da yamma na shiga fili wuyana a sanƙare, in zan duba hagu sai na juya da jikina duka. Ɗan gabansu ya gane, ya yini yana wuce ni ta hagu. Inda za ka, za ka ga 'yan dambe da masu gudu da masu jifa, duk masauki ɗaya za a ba ku. Ka kalla, ka tafa musu, ka ci abinci da su. Amma in wani ya ce zo mu gwada tsere ko ƙarfin hannu don raha, ka yi dariya ka ce ka ba shi gari. Ƙwallo aka aike ka.

Waɗannan biyun ni kaɗai suka cuta, shi ya sa nake iya ba da su ina dariya. Ta ukun ita ce dalilin takardar.

Ranar kasuwa Baba Ilu, mijin gwaggonka Dije, ya tsallako iyaka a kan tsohon kekensa, ya zo mini da labarin da rediyo ya tabbatar daga baya: ɗansa Lawali yana cikin yaran da Nijar ta zaɓa, kuma an saka ku rukuni ɗaya. Shi ɗan gaba, kai ɗan baya. Ko an so ko ba a so, sai ƙafarka ta haɗu da tasa.

Da abin ya tsaya nan, da sai murna. Amma ina zaure ranar Babbar Sallah da ta wuce, lokacin da kuke cin tuwo da Lawali a tsakar gida. Na ji ya ce maka, "Ubangidana, in Allah ya haɗa mu a fili, bawanka zai share maka raga tas, ko kuɗin shara ba sai ka biya ba." Yara suka yi dariya. Kai kuwa ka tsame hannu daga kwano, ka ce, "Ka shigo gidana da ƙwallo ka gani, da sanda za ka koma wa gwaggo." Ba da muryar wasa ka faɗa ba, kuma ba ka koma kan kwanon ba har suka tafi. Muryata na ji a bakinka, Abba.

Lawali taubashinka ne. Shi ɗan mace, kai ɗan namiji, uwarsa da ubanka ciki ɗaya. Haka muka tarar, kuma haka za mu bari: ɗan mace ya kira kansa bawa, ya zage ka son ransa, ya ɗauke maka hula a gaban mutane, in watan cika-ciki ya zo ya share maka ƙofa ya karɓi abin shara. Kai kuma ka rama da baki iya ƙarfinka. Abu ɗaya ne ba a yi, shi ne fushi. Yadda Lawali yake gare ka, haka Ilu yake gare ni, don uwarsa yayar mahaifina ce, tun kafin ya auri Dije.

Kun sha tambayar Baba Ilu abin da ya sami ƙafarsa ta dama, yana ce muku wani jakin Babura ne ya harbe shi yana saurayi, ku yi ta dariya. Jakin nan ni ne.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, kana jariri a lokacin. Su ma can sun sami nasu, kowa kansa na hayaƙi da sabuwar tuta. Sai samarin garinsu Ilu, can kan hanyar Magarya, suka gayyace mu wasa. Da can in mun je garin nan gidan gwaggo muka je, amma ran nan sai muka tafi a matsayin 'yan Nijeriya, su kuma 'yan Nijar. Mun ɗauki abin da zafi ƙwarai. Mun jera kekuna muka tafi, da muka isa garin duka ya fito, har mata suna leƙe ta saman danga. Aka yanka mana akuya, tukwane na kan wuta tun kafin a busa usur.

Ilu ɗan gaba ne, siriri, ƙafarsa kamar tana da ido. Bakinsa kuwa ya fi ƙafar gudu. Tun da aka fara yake manne da ni yana zuba: "Ubangida, matsa mini in wuce, aiki zan yi maka." "Ubangida, yaya wuyan naka, mutanen Roni suna gaisuwa." Na daure. Can sai ya taho da ƙwallo, na buɗe ƙafa zan tare, ya zura ta tsakanin ƙafafuna, ya zagaye ni, ya jefa ta a raga. Da ya tsaya nan da na haɗiye. Amma sai ya tsinko ciyawa a bakin fili, ya dawo gabana ya durƙusa, ya shiga share ƙasar da nake tsaye a kai yana cewa, "Ranka ya daɗe, na share ciki, saura waje." Filin nan ya kece da dariya. Har 'yan wasanmu sai da suka juya baya suna rufe baki.

Duk wanda ke wurin ya san wasan taubasai ne. Ni ma na sani. Amma ran nan na manta cewa ɗan gwaggona ne a gabana, wani ɗan Nijar nake gani da ya kunyata ni a gaban jama'a. Bayan an dawo hutu ya sake tahowa, ya wuce ni, ƙwallon ma ta riga ta bar ƙafarsa. Na bi shi ta baya na sa masa ƙafa da dukkan ƙarfina a idon sawu. Na ji ƙarar da kunnena.

Ba a yi ihu ba, ba a jefe ni ba, da ma an yi da ya fi mini sauƙi. Aka ɗauki Ilu a kan wani ƙyaure zuwa gidan mai ɗori, wasa ya watse a nan. Abokan tafiyata suka shiga cin akuyarsu kai a sunkuye, ni kuwa na ja kekena zan sulale. A bakin hanya na ci karo da gwaggo, uwar Ilu, da kwanon tuwo a hannu. Ta dube ni ta ce, "Idi, ga abincinka, ka ci kafin ka kama hanya." Na ce na ƙoshi. Ta ce, "To. In ka isa ka gaya wa ƙanena, a gidanmu ban taɓa jin an daki taubashi ba sai yau." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, kuma har ta koma ga Allah ba ta sake tayar da zancen ba.

Ƙafar ta ɗoru, amma ba ta koma daidai ba. Ilu bai sake buga ƙwallo ba. Mutumin da na tabbata da zamaninsa ya yi daidai da naku, da shi ma an sa shi a jirgi. Ni ma ban sake bugawa ba, ba wanda ya hana ni, ƙafata ce ta ƙi. Na daina bin hanyar garinsu. In na hango mutanensu a kasuwar hatsi sai in shige rumfa in kama gyaran abin da bai lalace ba. Da manya suka ƙulla aurensa da Dije, na yi duk hidimar da ake bukata daga nesa, amma ban raka amarya ba, na ce aiki ya yi mini yawa. Ƙanwata guda ta tafi gidan miji tana waiwaye ko za ta gan ni.

Shekaru suka yi ta wucewa a haka, har aka haifi Lawali ban je suna ba. Wata safiya a watan cika-ciki ina kwance sarƙar wani keke, sai na ji ana shara a ƙofar rumfata. Na ɗaga kai, sai ga Ilu da tsintsiya, yana jan ƙafa yana tayar mini da ƙura a kan kayan aiki. Bai yi sallama ba. Ya ce, "Kai jakin Babura, ka karya mini ƙafa, yanzu kuma hakkin sharata kake so ka cinye? Fito da na duk shekarun da ka ɓuya." Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, ya ɗaga mini tsintsiya ya ce, "Kul! Ubangida ba ya roƙon bawa. Biya kawai." Na yi kuka a gaban masu jiran faci, ban ji kunya ba. Akwai wani keke da na daɗe ina harhaɗa wa kaina, na tura masa shi na ce ya hutar da ƙafar. Shi ne wanda kake gani yana hawa har yau, kuma duk zuwansa sai ya ce birkin ba shi da kyau, wai ubangidansa bai iya aiki ba.

Ka ga ni Allah ya yi mini gata, taubashina ya fi ni hankali. Amma gatan bai mayar masa da ƙafarsa ba. In sanyi ya sauko ina ganin yadda yake dafa gwiwa kafin ya miƙe daga kan tabarma, ni kaɗai na san abin da nake ji.

Yanzu ka saurare ni da kyau, kada ka juya maganata. Ban ce ka buɗe wa Lawali hanya ba. In ka bar shi ya wuce don zumunci ka ci amanar waɗanda suka zaɓe ka, kuma Ilu zai yi ta yi mini dariya har kabari. Ka tsare gidanka. Ka manne masa, ka ƙwace ƙwallo, ka hana shi sakat, ya koma ya gaya wa uwarsa ɗan kawunsa katanga ne. Amma idonka a kan ƙwallo, Abba. In ta riga ta bar ƙafarsa, ƙafar ba taka ba ce. Ko alƙalin wasa bai gani ba, gwaggonka za ta gani ranar da aka sauke mata ɗa daga mota.

Kuma ka shirya, don zai yi magana. Sauran 'yan gaban da za ka haɗu da su ba su san ka ba, ko sun zage ka da harshensu ba za ka ji ba. Shi kuwa ya san ranar da talotalon maƙwabta ya kore ka har ka faɗa kwata, kuma na rantse sai ya tuna maka ana tsakiyar wasa. In ya yi, kada ka bari maganar ta sauka ƙafarka, ka tsayar da ita a baki. Ga guzuri in ba ka. Shekarar da suka zo mana Sallah yana ɗan yaro, ragon layya ya tsinke, Lawali ya haye rumbu ya ƙi saukowa, yana kuka yana kiran uwarsa har aka gama fiɗa. Sai da aka haɗa shi da hanta kafin ya yarda ragon ya mutu. In ya ce talotalo, ka ce rago. In ya durƙusa zai share maka ƙasa, ka miƙa masa ɗaya ƙafar ka ce bai gama ba. Da na san wannan a lokacina, da yau Ilu na tafiya daidai.

In kun ci su, kada ka yi tsalle a gabansa fiye da kima, ka bar na gida, za mu taya ka. In sun ci ku, zai zo ya same ka da bakin nan nasa, ka tsaya ka sha, hakkinsa ne. Ko yaya aka tashi, kada rana ta faɗi ba ku sa hannu a kwano ɗaya ba. Kwanon da ka tashi ka bari ranar Sallah yana nan yana jiranka.

Ilu ya ce ranar wasanku zai zo tun da safe. Na sayi sabon batir, za mu ajiye rediyo a kan bencin rumfa mu saurara tare, shi yana goyon nasa, ni ina goyon nawa. Ya riga ya faɗa wa duk kasuwa cewa da tsintsiyarsa zai zo. Innarka za ta aiko mana da tuwo a kwano ɗaya. Ina so mu cinye shi tas, mu suɗe, kowa na tsokanar kowa. Ba na so in ji mai sharhi ya ce an ɗauke ɗan gaban Nijar daga fili, in ɗaga kai in haɗa ido da Ilu. Na taɓa ganin fuskar nan sau ɗaya, ba ni da ƙarfin gani na biyu.

Saura gwangwani. Dambun nama ne a ciki. Gwaggonka Dije ta aiko da naman da yajin daga can, Innarka ta daka ta soya a nan. Sun so su raba biyu, kai da Lawali kowa a ba shi nasa, na ce a'a. Ni na zuba shi wuri ɗaya, na yanko robar tsohon tiyub na naɗe murfin, na ja iya ƙarfin mai faci. Da na gama na gwada buɗewa ni kaɗai na kasa, sai da Ilu ya riƙe gindin da hannu biyu ni kuma na ja robar. Mun ɗan taɓa kaɗan, ba laifi, muka mayar muka ɗaure yadda yake. Na san kana da wuƙar da za ta yanke robar nan cikin ƙiftawar ido. Kada ka sa mata wuƙa. Ka nemi wanda zai riƙe maka.

Ka kula da sallarka ko da lokacin can ya saɓa da namu, ka tambayi alƙibla, ba abin kunya ba ne. Ka girmama masu horar da kai. Innarka tana gaishe ka, ita ma ba za ta faɗa ba, amma tun da ka tafi ba ta bari kowa ya zauna a kan tabarmarka. Ƙannenka suna gaisuwa.

Allah ya yi maka albarka, Abba. Allah ya ba ku sa'a, ya sanyaya maka zuciya a lokacin da jama'a ke dariya, ya tsare ka daga abin da za ka yi nadama. Allah ya dawo mini da kai a kan ƙafafunka biyu, ya mayar wa Ilu da Lawali a kan nasa biyun. Amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Idi mai keke,
bakin kasuwa, Babura.